A Dakata da Feshin Bayan Aji, Mu Fara Zana Taswira



Ranar Litinin a wurin asambuli aka sanar cewa za a yi babban aikin tsafta ranar Asabar ta sama. An ce za a kawo mai feshi ya fesa maganin kashe ciyawa tun daga bayan azuzuwan 'yan aji uku har zuwa katanga, in ciyawar ta bushe a cinna mata wuta. Aka tafa. Mu ma mun tafa, domin kowa ya san wahalar nome wajen da fartanya, balle mu 'yan aji biyu da kullum mu ake turawa. Sai da muka koma aji muka tuna da masu zama a wajen, waɗanda ba a yi shawara da su ba. Muna nufin malam-buɗe-littafi.

Mun san wasu za su yi dariya tun kafin su gama karanta wannan layin. Ba komai, ku yi dariyarku, amma ku ƙarasa karantawa. Roƙonmu ga Shugaban Makaranta da malamai guda ɗaya ne: a ɗaga feshin zuwa ƙarshen wannan zangon, a ba mu dama mu zana taswirar wajen, mu nuna inda ya kamata a share da inda ya kamata a bari. Ga dalilanmu.

Duk wanda ya taɓa zagayawa bayan ajin da hantsi a wannan watan na Oktoba ya ga su. Akwai wani mai launin ruwan goro, bakin fukafukansa baƙi da ɗigon fari, fukafukan baya kuma farare. Shi ba ya sauri, yana tashi a hankali kamar mai gadara. Gadarar tana da dalili. Uwarsa a kan ganyen tumfafiya take saka ƙwai, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta yi ta cin ganyen nan mai farin ruwa wanda ko akuya ba ta cika son sa ba. Dafin ya zauna a jikinta. Bayan ta ƙoshi sai ta rataye kanta a ƙarƙashin ganye, ta zama kamar ɗan ƙullin magani mai ɗigon zinare, bayan 'yan kwanaki malam ya fito. Tsuntsun da ya taɓa cin irinsa sau ɗaya ba ya marmarin ƙarawa. Malamin Kimiyya ya ce sunansa a littafi Danaus chrysippus. Akwai kuma farare masu baƙin layi da ke zuwa da yawa lokaci guda, su tsutsarsu ganyen anza da jiga take ci. Akwai babba baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa da ke zagaya bishiyar lemun tsami ta kusa da ofis. Kowanne da gidan da yake sauka. In ka cire tumfafiya ka kori na farko, ko da ka cika makarantar da furanni, saboda babba ne ke shan ruwan fure, jariri kuwa ganye yake ci, kuma ba kowane ganye ba.

To me ya haɗa wannan da taswira?

Akwai wani malam-buɗe-littafi da masana ke kira Vanessa cardui. Mu a kulob mun raɗa masa suna Ɗan Ci-rani. Shi ma ruwan goro ne da baƙi da fari, sai dai ya fi na tumfafiya ƙanƙanta da sauri. Turawa sun daɗe suna ganinsa a lambunansu lokacin zafinsu, da sanyi ya kawo kai sai ya ɓace. Ina yake zuwa? A kakar shekarar 2014 wasu masana biyu daga wata cibiyar bincike a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, Gerard Talavera da Roger Vila, suka taso nemansa a ƙasashe huɗu: Chadi, Senegal, Habasha da Jamhuriyar Benin. A Chadi suka gan shi yana keta sararin sama ya nufi kudu. A Benin kuma suka tarar yana hayayyafa da yawan gaske a kusa da Kogin Kwara. Wannan ya nuna musu cewa ƙwaron da bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ba yana iya tsallake teku, ya tsallake Sahara, tafiyar da ta wuce kilomita 4,000.

Yanzu ku dubi taswirar da ke rataye a ofishin malamai. Ƙasar Benin ba ta da gaɓar Kwara ko'ina sai can arewacinta, wajen Karimama da Malanbil, inda kogin ya raba ta da Nijar. Daga nan ruwan ya gangaro ya shigo Najeriya ta wajen Lolo, ya ratsa ƙasar Illo, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Tuga. Wato ruwan da ya wanke gaɓar da Turawan nan suka durƙusa suna ƙirga tsutsa, shi ne wanda iyayenmu ke jefa taru a cikinsa bayan kwana ɗaya ko biyu. A cikinmu akwai waɗanda kakanninsu ke zaune a Madikali, akwai waɗanda iyayensu ke cin kasuwar Malanbil. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, ciyawa ɗaya. Lokacin da aka rufe boda a watan Agustan 2019 manya sun sha wahala, har yau suna ba da labari. Shi Ɗan Ci-rani ba wanda ya tambaye shi takarda.

Bayan wannan tafiyar sai wata tambaya ta taso. In kaka ta wuce, ciyawar yankinmu ta bushe, hunturu ya shigo, ina kuma yake komawa? Afirka tana da faɗi, ba mai iya bin ta gona-gona. A nan ne aka ɗauko taswira.

Ga yadda Malam ya bayyana mana aikin, kuma mun ga ba shi da wuyar ganewa. Da farko a tattara duk wuraren da aka taɓa samun ƙwai ko tsutsar ƙwaron, kowane wuri da lambarsa ta latitud da longitud, da watan da aka same shi. Kun tuna darasin nan da muka yi ta hamma a cikinsa? Ashe yana da amfani. Mu nan Bagudo muna wajen digiri 11 arewa, digiri 4 gabas. Bayan haka a ɗauko taswirar ruwan sama, da ta zafi da sanyi, da ta koren ciyayi kamar yadda tauraron ɗan'adam ke hango shi daga sama, a jera su ɗaya bisa ɗaya kamar ana jera tabarmi. Sai a tambayi kwamfuta: wuraren nan da aka samu tsutsa, me suka haɗa? In ta gano, sai a ce mata ta duba duk nahiyar ta nuna sauran wurare masu irin wannan hali, wata bayan wata. Ita kuma ta shafa musu launi. Inda launin ya yi kauri, can ya fi dacewa a je nema.

Da Malam ya gama, wani ɗan ajinmu Bafulatani ya ɗaga hannu ya ce ai abin da babansa ke yi ke nan. Ya san fadamar da ke riƙe danshi har watan Janairu, ya san tudun da ke fara tsiro da ruwan farko, ya san lokacin da za a kora shanu kudu da lokacin dawowa. Aji ya yi dariya, amma Malam ya ce gaskiyarsa. Haka Sarkawa suka san gurbin da kifi ke kwanciya ba tare da sun nutse sun gani ba. Bambancin kawai shi ne tasu taswirar a ka take, in tsoho ya rasu sai ya tafi da ita.

Masanan sun fitar da taswirarsu a 2019. Ta nuna cewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙwaron zai fi samun wurin haihuwa can kudu da mu, inda ƙasa ke da sauran laima. Abin da ya fi burge mu shi ne ba su tsaya nan suka ce aiki ya ƙare ba. Sun sa takalma suka bi taswirar, suka haɗa kai da masana 'yan Afirka, aka yi shekara biyu ana sa ido a ƙasashe shida. A 2023 suka bayyana sakamako: kusan duk inda aka samu tsutsa, wuri ne da taswirar ta riga ta nuna. Wani binciken na 2021 kuma ya gano cewa in ciyayi suka yi kyau a yankin Afirka ta Yamma, sai a ga Ɗan Ci-rani ya yi yawa a Turai daga baya. Ku duba fa. Yaro a Faransa ko Ingila zai ga malam-buɗe-littafi a lambun gidansu, bai san cewa ruwan da ya sauka a irin ƙasarmu ne ya aiko masa da shi ba.

Dole mu faɗi gaskiya a nan, kada a kama mu da ƙari. Ɗan Ci-rani ba ya cikin masu fuskantar ƙarewa, yana da yawa a duniya. Na tumfafiya ma haka. To don me muke ta surutu?

Saboda na tumfafiyar yana da ɗan uwa a Amurka, gidansu ɗaya a wajen masana, sunansa Danaus plexippus. Shi ma matafiyi ne, daga Kanada da Amurka yake sauka dazukan kan duwatsun Meziko ya yi hunturu. Shi ma tsutsarsa ganye iri ɗaya take ci, wata ciyawa mai farin ruwa 'yar uwar tumfafiya. A da yana da yawan da ba a iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, sai dai a auna faɗin dajin da ya lulluɓe. A hunturun 1996 zuwa 1997 ya rufe hekta 18. A hunturun 2023 zuwa 2024 bai cika hekta ɗaya ba, kuma hekta ɗaya kaɗan ta fi filin ƙwallo. A watan Yulin 2022 ƙungiyar duniya mai lissafa halittun da ke cikin haɗari ta sa shi a jerin masu fuskantar ƙarewa, daga baya a 2023 ta ɗan sassauta matakin, amma ba ta cire shi daga jerin ba. Cikin manyan abubuwan da suka jawo masa wannan akwai maganin kashe ciyawa da ake fesawa a gonakin masara da waken soya, wanda ya share ciyawar da 'ya'yansa ke ci. Ba wanda ya tashi da niyyar kashe shi. Kowa gonarsa yake gyarawa. Yanzu ga su can suna bin taswira suna neman gefen hanya da filayen makarantu inda za su sake shuka ciyawar da suka kashe da kuɗinsu.

Mu ma a nan kowa ya san yadda feshi ya zama ruwan dare. A fadamun shinkafa feshi, a gonar wake feshi, a bakin hanya feshi, har ƙofar gida wani ba ya ɗaukar fartanya sai jarka. Ga gawayi da ake lodawa buhu-buhu. Ku tambayi kakanninku yadda dajin da ke tsakanin Ka'oje da Tsamiya yake a lokacin ƙuruciyarsu, ku ji abin da za su ce. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya wallafa littafi a 2005 wanda ya lissafa malam-buɗe-littafi fiye da iri 1,400 a Afirka ta Yamma. A ɗakin karatunmu babu ko takarda ɗaya da ta lissafa na Bagudo. In wani iri ya ɓace a nan bana, wa zai lura? Abin da ba a taɓa rubutawa ba, ranar da ya tafi ba mai cigiyarsa.

Mun tattauna da waɗanda ba su yarda da mu ba, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi.

Na farko macizai. Baba mai gadi ya ce mana shi ya kashe kububuwa a wajen da hannunsa, kuma in ta sari yaro ba malam-buɗe-littafi ne zai kai shi asibiti ba. Wannan gaskiya ce, ba mu da amsar da ta fi ta. Shi ya sa ba mu ce a bar wajen duka ba. Hanyar bayi, da gindin tagogi, da inda 'yan aji ɗaya ke wasa, a share su ƙal tun ranar Asabar ɗin, mu ma za mu fito da fartanyarmu. Tarin bulo da fasassun kujerun da aka jibge a kusurwa, inda maciji ya fi son ɓuya, a kwashe su. Abin da muke roƙo shi ne ɗan zirin da ke bin katanga, inda tumfafiya da anza suke, nesa da inda ake zama.

Na biyu, wata 'yar aji uku ta ce ruwan tumfafiya yana lalata ido. Haka ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye an gargaɗe shi tun yana ƙarami. Sai a kafa allo a rubuta gargaɗi. Ai ba a sare bishiyar mangwaro don yara na faɗowa daga kanta.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mana wuya. 'Ya'yan manoma, kuma yawancinmu su ne, suka ce tsutsa abokiyar gaba ce. Tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo ƙasar nan a 2016 ba manomin da ke son jin sunan tsutsa. Mun fahimta. Amma waccan 'yar wani ƙwaron dare ce, kuma masara da dawa take bi. Ta tumfafiya ko ka ɗora ta a kan masara yunwa ce za ta kashe ta. Kuɗin goro ne ake yi musu. Kuma in aka saba da feshi da ƙone kowane ciyayi, ba malam-buɗe-littafi kaɗai ke rasa abinci ba, har da ƙudan zuma, wanda shi ke ɗaukar garin fure daga wannan kaɗanya zuwa waccan. Duk wadda mahaifiyarta ke tsintar ƙwara tana man kaɗe ta san abin da ake sayen littafi da shi a gidansu.

Akwai kuma masu goyon bayanmu da suka wuce gona da iri. Suka ce a kewaye wajen da waya kada akuya ko mutum ya shiga. Su ma ba mu yarda da su ba, saboda wani labari da Malam ya ba mu. A Ingila akwai wani shuɗin malam-buɗe-littafi da ya yi ta raguwa. Masu son sa suka killace filin da yake, don kada a dame shi. Da dabbobi suka daina kiwo a wajen sai ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, wata jar tururuwa ta gudu. Ashe tsutsarsa a cikin gidan wannan tururuwar take girma. A 1979 ya ƙare ƙaf a ƙasar. Sai da aka gane sirrin, aka dawo da kiwo, aka je Suwidin aka ɗauko irinsa, sannan ya sake zama. Tauraron ɗan'adam zai hango kore daga sama, amma ba zai hango tururuwa ba. Wannan sai wanda ya tsuguna. Mu kuwa tsugunawa ba ta yi mana wuya, an saba sa mu.

Ga abin da muke so mu yi in an ba mu izini. Malamin Kimiyya ya yarda zai buɗe Google Maps a wayarsa ya nuna mana hoton makarantarmu daga sama. Mun riga mun leƙa sau ɗaya, har rufin ajinmu da ya yi tsatsa mun gane. Za mu kwafe shi a babban kwali, mu raba bayan azuzuwa gida-gida, kowane gida taku goma. Kowane rukuni na mutum uku zai ɗauki gidansa. Sau biyu a mako, lokacin tara, za su rubuta irin tsiron da ke ciki, su juya ganye su duba ƙwai ko tsutsa, su tsaya minti goma su ƙirga malam-buɗe-littafin da ya sauka da launinsa. Ba kamawa, ba cire fukafuki, kuma ba mai shiga ciyawa da silifas ko shi kaɗai. Gidan da aka samu tsutsa a shafa masa ja, wanda aka ga manya kawai a shafa masa ruwan ɗorawa, wanda ba a ga komai ba a bar shi fari. A ƙarshen zango za mu liƙa kwalin a wannan allon. Inda ya fito fari, a share, ba za mu ce uffan ba.

In Allah ya sa muka yi dace da Ɗan Ci-rani, kuma yanzu ne lokacinsa, Malam zai ɗauki hotonsa ya sa a manhajar iNaturalist tare da rana da lambar wuri. Irin waɗannan bayanan masana ke tattarawa su zuba a taswirarsu. Ɗigo ɗaya ne kawai, amma zai zama ɗigon da aka rubuta Bagudo a kansa.

Ba mu ce kowa ya tafi daji ko bakin kogi neman ƙwari ba. Mun san halin da ake ciki, iyayenmu ma ba za su bari ba. Amma waɗanda ke zuwa hutu Lolo ko Illo ko Zagga ko tsallaken boda za su iya duba tumfafiyar bayan gidan kakarsu, su dawo su faɗa mana. Muna kuma son masu jin Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da Kyanganci su tambayo mana sunan malam-buɗe-littafi a harshensu, da sunan ganyen da aka san yana sauka a kai. Za mu rubuta su duka a gefen taswirar.

Kuɗin da aikin zai ci: kwali biyu da fensir mai launi. Mun yi karo-karo mun sayi kwali ɗaya. Kuɗin maganin feshin da na mai feshin kuwa suna nan a aljihun makaranta har zuwa Disamba.

Ranka ya daɗe Shugaban Makaranta, mun san kai ke da magana ta ƙarshe, kuma mun san lafiyarmu kake dubawa. Muna roƙon ka zagaya bayan ajin da kanka da misalin ƙarfe goma na safe kafin ranar Asabar, ka tsaya kusa da tumfafiya ta uku daga kusurwar katanga, ka ɗaga ganyen ƙasa. Jiya mun bar tsutsa biyu a wajen, ɗaya ta riga ta rataye kanta.

Masu son shiga aikin su same mu ranar Alhamis bayan an tashi, a gindin dogon yaro na kusa da rijiya. Kowa ya zo da fensirinsa da takalmi rufaffe.

Daga 'yan aji biyu na Kulob ɗin 'Yan Jarida.